Gwajin tuƙin babbar mota da koyon canjin giya: tambayoyi da amsoshi

Na fara da wankin mota da ɗaure tamfol kamar kowane yaron mota, na yi shekaru a kan sitiyari tsakanin Arewa da Kudu, yanzu kuma da gwiwa ta fara ƙorafi na koma koyar da yara tuƙi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa, wasu a filin koyo, wasu a gindin mai shayi. Na amsa su yadda nake amsawa da baki.

Na iya tuƙa ƙaramar mota sarai. Babbar mota ba girma kawai ta fi ta ba?

Da girma ne kawai da mun huta. Abu uku ne ke ruɗa mai zuwa daga ƙaramar mota. Na farko nauyi: tirela mai lodi ba ta tsayawa inda ka taka birki, tana tsayawa ne can gaba, inda nauyinta ya yarda. Idan kana gudun kilomita 60 a awa, kowace daƙiƙa ɗaya motar na cin kusan mita 17, tun kafin ƙafarka ta kai kan birki. Na biyu tsawo: tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanke kwana ta ciki, shi ya sa sabon hannu ke hawa kwalbati ko ya kwashe teburin mai lemo. Na uku kuma giya, wadda ita ce mafi yawan maganarmu a nan.

Iya ƙaramar mota na taimakawa wajen sanin titi da halin mutane. Amma ɗabi'un da ka ɗauko daga can, irin su jingina ƙafa a kan kuloci da jira sai an iso kwana kafin a rage giya, sai mun kankare su tukuna.

Wane ajin lasisi zan nema?

A Najeriya lasisi aji-aji ne. Ajin A na babur ne, B na ƙaramar motar gida, D ya shafi manyan motocin kaya waɗanda kai da bodi a haɗe suke, kamar tifa da roka, G kuma na masu kai daban bodi daban ne, wato tirela da tanka. F na tarakta ne da injinan gona, H na katafila da danginta. Mai lasisin B da aka kama a kan tirela, a idon doka kamar marar lasisi yake, kuma in aka yi hatsari kamfanin inshora zai fake da wannan ya zame.

Shekara 18 ake fara ba da lasisin ƙaramar mota, amma na haya sai mutum ya kai 26, tare da takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Yara kan ji haushin wannan. Ni kuwa da na tuna irin gudun da na yi ina ɗan shekara ashirin, ban ga laifin wanda ya sa dokar ba.

Wa ke yin gwajin, 'yan Road Safety ko VIO?

Hukuma uku ke da hannu a lasisi. Za ka fara da makarantar tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ka cika zaman koyo 26, a ba ka takardar shaida mai lamba. Da lambar ake cike fom a intanet a biya kuɗi. Gwajin tuƙin kansa aikin jami'an VIO ne, wato masu duba lafiyar motoci. In ka ci, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ta sa hannu, sai ka je wurin FRSC a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Za a ba ka lasisi mai shekara 3 ko 5 gwargwadon wanda ka biya. Kuɗin yakan canza, don haka ka tambaya a ofis, kada ka tambayi wanda ke tsaye a bakin ƙofar ofis.

Wani ya ce in kawo hoto da kuɗi kawai, sati ɗaya lasisi ya fito. In ba shi?

Kada ka ba shi. Lasisin da ba ka tsaya da kanka an ɗauki zanen yatsunka ba, ba ya cikin rumbun hukuma. Zai yi maka aiki a wasu shingaye, har ranar da jami'i ya buga lambar a waya, ko ranar da babban kamfani ya kira ka aiki ya tantance takardunka. Na san wanda ya yi asarar aikin tanka a kan wannan, bayan ya wuce gwajin tuƙinsu lafiya lau. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Me ya sa giyar babbar mota ke da yawa haka? Na ji ana cewa goma, sha biyu, har sha shida.

Injin gas ba ya son a ja shi ƙasa sosai, ba ya son a kai shi sama sosai. Ƙarfinsa a tsakiya yake, a ɗan fili ƙarami, yawanci tsakanin zagaye 1,000 zuwa 1,500 a minti a manyan injina na zamani. Dubi agogon inji, za ka ga an shafa wa wurin koren fenti. To ana so motar da ta ɗauko tan talatin ta tashi daga tsaye har ta kai gudun babban titi, inji bai fita daga koren nan ba. Hanya ɗaya ita ce a yawaita matakala. Giya matakala ce, ba wani abu ba.

Amma kada adadin ya ba ka tsoro, ramukan da hannunka zai riƙe ba su wuce huɗu ko biyar ba. Sauran ninki ne.

Ɗauki giyabos mai goma, irin wanda ke cikin Howo da yawa da wasu motocin Amurka. Rami biyar ne. Ka bi su daga ɗaya zuwa biyar a ƙaramin zango, sai ka ɗaga maɓallin da ke jikin sandar giya, ka koma ramin farko, ya zama shida. Ramin biyu ya zama bakwai, haka har goma. Direbobi na kiran zangunan lo da hai, wasu motocin kuma hoton kunkuru da zomo ne a jiki.

Mai sha shida na kamfanin ZF, wanda ya cika DAF da MAN, rami huɗu ne. Ƙaramin zango ɗaya zuwa huɗu, babban zango biyar zuwa takwas. Sannan akwai maɓalli na biyu da ke raba kowace giya gida biyu, wanda muke cewa rabin giya. Takwas sau biyu, sha shida ke nan. A wasu ba maɓalli ake ɗagawa don canza zango ba, sandar ake bugawa gefe da tafin hannu idan tana firi, wato ba ta cikin kowace giya, ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ka ji iska ta yi tsaki.

Abu biyu za ka riƙe. Zango ba ya canzawa sai sanda ta ratsa firi, don haka maɓalli ake fara taɓawa kafin a motsa sanda. Rabin giya kuma ba ya shiga sai ka taka kuloci, don haka kana iya zaɓarsa tun da wuri ka jira lokacinsa. Sannan kada ka kuskura ka koma ƙaramin zango mota na gudu. Sai ta sauko wajen kilomita 25 zuwa 30 a awa. Wanda ya yi niyyar biyar ya faɗa ɗaya da gudu, ko faifan kuloci ya tarwatse ko inji ya yi kukan da makanike kaɗai zai ji daɗinsa.

Ba dole ne ka taka kowace matakala ba. Mota ba lodi a shimfiɗaɗɗen titi, tsallake ake yi. Rabin giya na ranar lodi ne da tudu.

Mene ne taka kuloci sau biyu? Kowace mota ake yi wa?

A'a, kuma nan ne yara ke cakuɗa abu biyu.

Cikin giyabos haƙora ne ke shiga haƙora, kuma ba za su shiga lafiya ba sai gudunsu ya zo ɗaya. Giyabos irin na ZF yana da zobba da ke daidaita gudun da kansu. Naka shi ne ka taka kuloci har ƙasa, ka tura sanda a hankali ka riƙe ta da ɗan nauyin hannu, ta shige. Kada ka fizga, kada ka doka. Zoben na bukatar ɗan lokaci, musamman da asuba lokacin sanyi kafin mai ya yi ɗumi.

Giyabos irin na Eaton Fuller da na Mack kuwa ba su da zobban nan a ramukansu. Kai ne zoben. Idan za ka ƙara giya: ka kai inji kusan 1,500, ka saki totur, ka taka kuloci ka fito firi, ka saki kuloci, ka bar allurar agogon inji ta faɗo wajen 1,100, ka sake taka kuloci ka shiga ta gaba. Idan za ka rage kuma: allura na wajen 1,100, ka taka ka fito firi, ka saki kuloci, ka ɗan ba ta wuta allura ta hau wajen 1,500, ka taka ka shiga ta ƙasa. Lambobin na bambanta daga mota zuwa mota, amma tsarin ɗaya ne. Sakin kulocin da ake yi a firi shi ne sirrin, domin a lokacin ne inji ke juya haƙoran ciki su zo daidai da gudun taya.

A irin wannan motar ba a kai kuloci ƙasa idan ana tafiya. Rabi ya isa. Can ƙarshen takun akwai ɗan birki da ke tsayar da ƙarfen da ke juyawa cikin giyabos, aikinsa kawai ka samu shiga giya ko ribas idan mota na tsaye cak. Ka dinga kai shi ƙasa kana gudu, kwana kaɗan ka cinye shi, daga nan kullum da safe sai ka tashi unguwa da ƙarar haƙora.

Ina sa ɗalibaina su dinga faɗa da baki: taka, firi, saki, taka, shiga. Da farko suna jin kunya. Bayan sati biyu bakin ya yi shiru, ƙafa ta ɗauka.

Ogana ba ya taka kuloci sam in yana canza giya. In koyi hakan?

Oganka ya yi shekara nawa da motar? Abin da yake yi gaskiya ne, ana yi, a giyabos marar zobba, idan kunne ya san daidai inda gudun inji da na taya suka haɗu. Amma a DAF ko MAN mai zobba, wannan cin amanar mai mota ne, zobban ake niƙewa a hankali. A wurin gwaji kuma jami'i kuloci yake so ya ga ka taka. Ka bar wa oga kayarsa tukuna.

Da wace giya zan tashi?

Da wadda mota za ta motsa ba tare da ka ba ta wuta ba. Wannan ita ce ƙa'idar. Ka saki kuloci a hankali, inji na kan zamansa, in ta ɗauka ba ta girgiza ba, giyar ta yi. Da cikakken lodi ko a tudu, ta ɗaya, ko mai rarrafe in motar na da ita. Ba lodi, kana iya farawa sama da haka.

Masu tashi da babbar giya suna danna totur suna riƙe kuloci a rabi, wai su gwanaye, warin faifai ne ke tona su. Kuloci ba wurin ajiye ƙafa ba ne. Ka gama da shi, ƙafa ta koma ƙasa.

Agogo zan dinga kallo ko kunne zan bi?

Agogo zai koya wa kunne. Watan farko ka dinga satar kallon allura duk lokacin da za ka canza, kana haɗa lambar da sautin. Daga baya sautin kaɗai ya isa. Inji in ya fara gurnani ƙasa-ƙasa mota na kakkarwa, ya gaji, rage. In ya koma ihu ba ƙarin gudu, ƙara. Abin da ba a yafewa a gwaji shi ne kallon sandar giya. Ido na titi ne da madubi. Ka zauna cikin mota a kashe, ka taka kuloci ka yi ta bin ramukan ido rufe har hannu ya haddace. Iska ta kasance cike a tanki, in ba haka ba zango ba zai motsa ba.

Kuma ka kashe rediyo. Mai koyon giya da waƙa a kunne kamar mai koyon karatu ne a gidan biki.

In giya ta kuɓuce mini a tsakiyar tudu fa?

Tana faruwa ga kowa. A tudu mota na rasa gudu da sauri, don haka kafin ka gama laluben giyar da ka nufa, lokacinta ya wuce. Kada ka nace mata. Nemi ta ƙasa da ita, ko ta ƙasa da wannan. In duk sun ƙi, taka birki ka tsaya, ja hanbirki, ka sa ta ɗaya ka sake tashi. Tsayawa ba abin kunya ba ne. Komawa da baya a kan motar mutane shi ne abin kunya.

Tashi a tudu kuwa kusan kullum yana cikin gwaji. Hanbirki a ja, giya ta ɗaya, ka saki kuloci sannu har ka ji kan mota ya ɗan ɗaga sautin inji ya canza, ka ƙara wuta kaɗan, sannan ka saki hanbirki. Ka tuna birkin iska na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya saki tayoyin baya, kada ka ɗauka mota ta ƙi ne ka fizge ƙafa. A hanya yaron mota na sa waigi a bayan taya, to a gwaji ba mai sa maka.

Maganin duka shi ne ka rage giya tun a gindin tudu, tun mota na da ƙarfinta.

Direbobi da yawa na sa firi a gangara don tsimin mai. Laifi ne?

Wannan ce tambayar da nake so a ce ita kaɗai aka karanta.

Mota a cikin giya, inji na riƙe ta. Ka sa firi, ka sallami injin, nauyin duka ya koma kan birki. Birki kuwa gogayya ce, gogayya zafi ce. A doguwar gangara duram na yin zafi har ya buɗe, lainin ya ƙone ya yi santsi, ka taka ka ji ƙafa na aiki mota ba ta ji. Ga shi inji na kan zamansa, kwamfireso ba ya cika iska da sauri, kai kuma kana ta dannawa kana saki kana zubar da wadda ke tanki. Sai ka ce bari in koma giya. A wannan gudun ba za ta shiga ba. Abin da ake kira tsinkewar birki, sau da yawa ba abin da ya tsinke, direba ne ya dafa birkinsa da kansa.

Tsimin ma ƙarya ne a injinan zamani. In mota na cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar inji na yanke mai gaba ɗaya. A firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu.

Ni Hawan Kibo ne ya koya mini, a Jihar Filato, kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Ina yaron mota, maigidana ya ba ni sitiyari da lodin masara, shi yana gefe kamar mai gyangyaɗi. Muna dosar gangarar ban rage ba, ina jin daɗin iska. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yaro, da wace giya ka hau nan shekaranjiya?" Na faɗa masa. Ya ce, "To da ita za ka sauka, ko ƙasa da ita. Yanzu, ba anjima ba." Na rage, muka dinga rarrafawa ƙananan motoci na wuce mu suna mana oda. Da muka sauka ya sa na tsaya, ya ce in kai bayan hannu kusa da duram. Ɗumi kawai. Ya nuna mini wata da ta tsaya gabanmu hayaƙi na fita daga tayoyinta, bai ƙara ko kalma ba. Allah ya jiƙan maigida.

Yadda ake yi ke nan: giya tun a sama, kafin hancin mota ya sunkuya. Ka kunna birkin inji, na salansa ne ko ritada, wato na'urar da ke rage gudu ba tare da birkin ƙafa ba, wanda motarka ke da shi. Birkin inji ya fi kamawa idan allura na sama, ta wuce kore, amma kada ta taɓa ja. In gudu ya ƙaru, taka birkin ƙafa da ƙarfi na 'yan daƙiƙu har ya sauko, ka saki gaba ɗaya ya sha iska. Kada ka ɗora ƙafa a kai kana ja tun daga sama har ƙasa. In ana ruwa titi na santsi kuma mota ba lodi, ka yi hankali da ritada, tana iya sa tayoyin kai su zame bodi ya naɗo ka. Haka za ka yi a Ugwu Onyeama wajen shiga Inugu, haka za ka yi a duk gangarar da ba ka sani ba.

Me zan sani game da birkin iska kafin gwaji?

Kada ka motsa sai allurar iska ta cika, fitilar gargaɗi ta mutu, ƙarar ta yi shiru. Ka iya nuna inda ake zubar da ruwan tankin iska, domin iskar da aka matse na tara ruwa. Ka kashe inji ka taka birki ka riƙe, ka saurara: in kana jin tsaki ko allura na sauka, akwai yoyo. Ka san cewa in iska ta ƙare, sifirin da ke cikin tukunyar birkin baya ne ke kama tayoyi da kansa, shi ya sa motar da ta kwana ba iska ba ta motsi.

Mai neman ajin G ya ƙara da haɗa kai da bodi. Tiyo biyu ne, ja da rawaya a motocin Turai, ja da shuɗi a na Amurka. Jan shi ke kai iska tankin bodi, ɗayan shi ke kai umarnin birki. Bayan ka haɗa, ka ja gaba kaɗan birkin bodi na kame don ka tabbatar ƙugiya ta kama, ka leƙa da idonka, sannan ka ɗage ƙafafun bodi.

Ranar gwajin me jami'i ke kallo?

Tun kafin ka hau yake fara ba ka maki. Ka zagaya motar: baƙin mai, ruwan lagireto, tayoyi da notinansu, fitilu, sigina, madubai, gilashi. Ka nuna abin kashe gobara, alamar kusurwa uku, jak da safaya. A jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka iya karanta su. In ka hau, gyara kujera da madubi, ɗaura bel, tabbatar sanda na firi, sannan ka tayar.

A kan titi yana duba ko kana tashi ba fizga, ko giyarka ta dace da gudunka, ko kana rage ta kafin kwana da shataletale ba a tsakiyarsu ba, ko kana ba da sigina da wuri, da tazarar da kake bari. Madubi kuma ka kalle shi yadda zai ga kanka ya motsa. A kwana ka shiga da faɗi ka bi tayar baya a madubi, ka kula da mai babur da ɗan adaidaita da ke cusa kai ta gefen damanka, inda ba ka gani.

Ribas ne ke zubar da mutane. A tirela, in kana so bodi ya yi hagu, sitiyari dama za ka fara juyawa. Dabarar da nake ba yara: riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa can bodi zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa, a mayar da wuri. In ta fara naɗewa, ja gaba ka miƙe. In kana shakka, ja hanbirki ka sauka ka duba. Ban taɓa ganin wanda aka kayar don ya sauka ya duba ba.

Ka gaida jami'i da ladabi, "Ranka ya daɗe" ba ta rage kowa. Ka yi barci daren. Kuma ka nemi yin gwajin da irin motar da ka koya da ita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyin baki fa?

Alamomin hanya ne da dokoki. Mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai da'ira da jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni ce. Ka riƙe iyakar gudun tanka da tirela: 45 a cikin gari, 50 a babban titi, 60 a tagwayen hanya. Na san za ka yi dariya don ka ga yadda ake gudu a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Abin da ke littafi ke nan, shi za a tambaye ka. Tun 2017 kuma FRSC ke tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu.

Ban yi boko ba. Zan iya ci?

Za ka iya. Alamomin hanya hotuna ne, an yi su ne don wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Ka sa ƙaninka ko ɗanka ya dinga karanta maka littafin dokokin hanya da dare, kana maimaitawa. Amma ka daure ka koyi lambobi da karanta takardar kaya, don kada a sa ka dangwala hannu a kan buhu ɗari shida alhali ɗari biyar da tamanin aka loda.

Sababbin motoci atomatik ne. Wahalar koyon sanda ta mene ce?

Gaskiya ne, sababbin Actros da Volvo da Scania da yawa ba su da kuloci a ƙasa, kwamfuta ce ke canzawa. Amma leƙa garejin Tafa ko Mararrabar Jos ka ƙirga masu sanda. Nan aikin yake a yanzu. Sannan atomatik ɗin ma giyabos ne irin wancan, hannu kawai aka cire. Ba ta ganin gangarar da ke gabanka yadda kake ganinta, kai ne za ka mayar da ita hannu ka riƙe giyar da kake so. Wanda ya iya sanda yini ɗaya ya ishe shi sabawa da atomatik. Wanda ya fara da atomatik kuwa, ranar da aka miƙa masa makullin tsohuwar DAF sai ya ce cikinsa na ciwo.

Ni a Maraɗi nake. Duk wannan ya shafe ni?

Giya da birki da gangara ba su san iyaka ba. Takardu ne suka bambanta. A Nijar tsarin Faransa ake bi: B ƙaramar mota, C babbar motar kaya, D ta fasinja, E mai jan bodi. Ana cin jarrabawar dokoki, wadda kuke cewa kod, kafin ta tuƙi. Mai ƙetare iyaka ta Jibiya ko Illela kuma ya riƙe takardar inshorar da ake karɓa a ƙasar da zai shiga.

Wata nawa zan yi kafin hannuna ya faɗa? In na faɗi gwajin kuma fa?

Yaron motar da ya daɗe yana jin inji a gefen oga, sati biyu zuwa uku na tuƙi kullum ya ishe shi daina ƙarar haƙora a mota ba lodi. Da lodi kuwa sabon karatu ne, don haka ka roƙi a bar ka ka ja mai kaya a fili kafin ka hau titi da ita. Awa ɗaya kullum ta fi yini guda a sati.

In ka faɗi, kafin ka bar wurin ka tambayi jami'in, "Ranka ya daɗe, a ina na kuskure?" Yawancinsu za su faɗa maka. Ni ma sai a karo na biyu na ci. A na farko ribas ce ta kayar da ni, na taka durom ɗin da aka jera har biyu, ina ta juya sitiyari kamar mai tuƙa tuwo. Na koma fili na jera jarkoki, na yi kwana goma ba abin da nake yi sai baya da baya, sannan na sake karɓar rana.